Ranar da na ajiye jan biro

Shekara ta uku ke nan ina koyar da Turanci a wani ajin manya a Kano, daga bayan La'asar zuwa kiran Magariba. Ɗalibaina ba yara ba ne. Akwai tela, akwai 'yan kasuwar Kantin Kwari, akwai ma'aikatan asibiti, da samarin da suka gama digiri suna fargabar ranar ganawar neman aiki. A ƙarshen zango akwai makonni shida da aka ware wa ba da labari da gabatar da jawabi a gaban jama'a, kuma a waɗannan makonni ne na fi shan darasi.

A shekarar farko na bi abin da na tarar a manhaja: gabatarwa, gundarin magana, kammalawa. Kowa ya rubuta nasa a gida, ya haddace, ya fito gaban allo ya biya. Ni kuwa ina bayan aji da jan biro, da na ji kuskure sai in ɗaga hannu in gyara nan take. A ganina aikin malami ke nan.

Akwai wata Hajiya a ajin, ungozoma ce, ta girme ni nesa ba kusa ba. Ta fito za ta ba da labarin wata haihuwa da ta karɓa cikin dare. Ba ta yi minti ɗaya ba na tsayar da ita sau uku, duk a kan lokacin aikatau, tana faɗin abin da ya wuce da sigar yanzu. A na ukun ta yi shiru, ta gyara mayafinta, ta ce, "Malam, bari dai in zauna. Zaren ya tsinke mini."

Da aka tashi, ina kwance babur ɗina a gindin darbejiya, sai na ji muryarta. Tana jiran a-daidaita-sahu da matan ajin, tana ba su labarin nan da Hausa. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, an ɗauke wuta, mijin matar yana riƙe da fitilar waya hannunsa na rawa, jaririn ya faɗo bai yi kuka ba. Nan ta tsaya. Matan suka yi tsit, har wata ta dafe ƙirji. Sai da ta ja su tukuna ta ce, "Na murza masa baya, na murza, can sai ya tsanyara." Salati ya tashi. Har mai a-daidaita ya tsaya ya gaji ya wuce, ba wadda ta kula shi.

Duk abin da nake rubutawa a allo na mako shida, matar nan ta iya shi tun kafin a haife ni. Ta san inda za ta fara, ta san inda za ta riƙe numfashin mai sauraro, ta san inda za ta sake shi. Ni ne na tare mata hanya.

Ban ga laifin ɗalibaina ba da suke tsoron buɗe baki. Yawancinmu mun koyi Turanci ne da ido da hannu. Hatta ɓangaren furuci na jarrabawar WAEC a Najeriya, a zamaninmu a takarda ake amsa shi, ɗalibi ya zaɓi amsa ya shafe ta da fensir. Mutum zai iya cinye darasin da kyakkyawan sakamako alhali bai taɓa haɗa jimla biyar a jere da bakinsa a gaban mutane ba. Ga kuma tabon dariyar 'yan aji tun daga firamare, wanda ba ya warkewa da wuri.

Da na koma karatu a kan lamarin, na ci karo da aikin William Labov, masanin harshe ɗan Amurka da ya yi bincike a kan maganar mutanen New York a shekarun 1960. Matsalarsa ita ce da mutane sun ga na'urar ɗaukar murya sai su riƙa tauna magana. Dabarar da ya yi amfani da ita: ya tambayi mutum ko ya taɓa shiga wani hali da ya ɗauka mutuwa zai yi. Da labarin ya kama mai ba da shi, sai ya manta da sa wa bakinsa ido. Na ga Hajiya a cikin wannan bayani. Daga nan na daina ba da batutuwa irin su amfanin ilimi da illar shaye-shaye, waɗanda kowa ke kwafo wa daga intanet. Yanzu tambayata ita ce: ba mu labarin ranar da ka fi jin tsoro, ko ranar da ka yi asara a sana'arka, ko ranar da wani ya yi maka alherin da ba ka zata ba.

Na kuma ari wani abu daga tatsuniya. Mai tatsuniya ba ya farawa sai ya ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," an amsa masa, "Ta zo mu ji ta." Alƙawari ne aka ƙulla: kai za ka faɗa, mu za mu saurara. Jawabin da aka haddace ba shi da wannan alƙawari, shi ya sa yake fita kamar ana magana da bango. Sai na sa kowane ɗalibi ya buɗe da tambayar da dole a amsa masa, ko da ɗaga hannu ne.

Wajen maimaici, hanyar da ta fi yi mini aiki ita ce wadda ake kira huɗu-uku-biyu, wadda Paul Nation na ƙasar New Zealand ya yi rubutu a kanta. Ɗalibi ya ba abokinsa labari cikin minti 4, ya sauya abokin sauraro ya maimaita cikin minti 3, ya sake sauyawa ya faɗa cikin minti 2. Aji ya kaure kamar kasuwa, har malamin da ke maƙwabtaka da mu ya taɓa leƙowa. Amma a zagaye na uku za ka ji i'ina ta ragu, kame-kame ya tafi, kuma mai labarin da kansa ya zubar da ƙaiƙayin ya bar tsaba.

A nan ne na fara lura da inda Hausa take leƙowa ta ƙarƙashin Turancinsu. Mu da "sai" muke ɗinke labari: sai ya tashi, sai ya fita, sai ya gan ta. A Hausa daɗi gare shi. Idan aka juye shi kai tsaye, kalma ɗaya ce za ta yi ta dawowa a kowace jimla har ta gundiri kunne, don haka muka ware rana guda muna tattara wasu hanyoyin haɗa aukuwa da aukuwa. Abin da ya fi ba mu wuya shi ne kalmomi irin su kwatsam, tsit, fal, tinjim. Turanci ba shi da wadatarsu kamar Hausa. Telan ajinmu ya tambaye ni, "Malam, to in ina so in ce wurin ya yi tsit fa?" Na ba shi kalmar da ke ƙamus, ya gwada, ya girgiza kai. Daga baya shi ya samo mafita: ya faɗi jimlar, ya yi shiru na daƙiƙa uku. Ajin ya yi tsit ɗin da gaske.

Batun kallon ido kuwa har yanzu ina taka-tsantsan da shi. Littattafan koyar da jawabi duk sun nace a kalli masu sauraro cikin ido. Amma yarinyar da aka rene ta a kan cewa tsura wa babba ido rashin kunya ne, ba za ka kira sunkuyar da kanta kuskure ba, musamman ga sa'an mahaifinta zaune a layin gaba. Abin da nake gaya musu shi ne, wannan al'adar wani zaure ce, ku san ta don ranar da za ku shiga zauren. Muna farawa da kallon goshi, ko a zaɓi fuska uku da aka saba da su a kusurwoyin aji a riƙa zagayawa a kansu.

Majigi muna da shi, wuta ce ba ta da tabbas. Na gwada salon PechaKucha da aka faro a Tokyo a 2003, hoto 20, kowanne daƙiƙa 20, jimilla minti 6 da daƙiƙa 40. Ya koya musu taƙaitawa, amma ranar da aka ɗauke wuta a hoto na bakwai komai ya tsaya. Tun daga nan kowa yana zuwa da abu ɗaya a hannu daga wurin aikinsa: almakashi, yankin shadda, littafin bashi. Hannun da ke riƙe da abu ba ya rawa sosai.

Ban bar gyara ba. Wanda ya je ganawar neman aiki yana cakuɗa sautin p da f zai iya rasa gurbi, kuma zalunci ne in ɓoye masa. Har yanzu muna riƙe takarda a gaban leɓe muna furta p har sai iska ta kaɗa ta. Lokacin gyaran ne ya sauya. Ina rubuta kuskure biyu kacal a 'yar takarda, in miƙa wa mutum bayan ya zauna an tafa masa.

Hajiya ta sake shiga ajin a zango na gaba. Ranar jawabin ƙarshe ta fito da tsohuwar wayarta mai fitila, ta ce a rufe tagogi, ta kunna. Lokacin aikatau ya kuɓuce mata a wurare da dama, na ji su duka, biron yana aljihuna. Da ta kai inda jaririn bai yi kuka ba, ta tsaya, kuma wani ɗan Kwari da ke gefena ya ce a hankali, da Turanci, ba tare da ya san ya yi ba, me ya faru daga nan. Da ta zo karɓar 'yar takardarta ta duba ta ce, "Biyu kawai, Malam? Ai ni na ƙirga biyar."