Kafin ka sayi fedar jita mai dilei da ribab

Ƙannena masu kaɗa jita a majami'u da situdiyoyin Jos, mu da muka riga ku shiga harkar nan yawancinmu kuskure ɗaya muka tafka: mun sayi feda, wato ƙaramar na'urar da ake takawa da ƙafa don canza sautin jita, saboda yawan sautukan da aka rubuta a jikin kwali. Sautin nan mai faɗi da ke shimfiɗuwa a ƙarƙashin waƙa abu biyu ne ke kawo shi: dilei, mai maimaita abin da ka kaɗa, da ribab, mai sa amon ya daɗe yana yawo a iska. Don haka abin da za ka fara tambaya shi ne ko fedar za ta iya kunna su biyun a tare.

Line 6 M5 tana da sautuka sama da 100, kuma masu daɗi ne, amma ɗaya kawai take kunnawa a lokaci guda. In ka sa dilei, ka rasa ribab ke nan. Zoom MS-70CDR, wadda ta fito a 2013, tana jera har 6, tana karɓa tana kuma fitarwa da sitiriyo, wato hagu da dama, ga shi batir AA biyu sun ishe ta. A ganina ita ce mafi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi. Sai dai shidan nan ba kullum ake samunsu ba, domin ƙwaƙwalwar da ke sarrafa sautin tana da iyaka. Ka ɗora ribab mai nauyi irin shimmer, ka ƙara wani a kai, ka sa dilei, sai allon ya nuna maka DSP Full. Tun a shago ka jera dilei ɗaya da ribab mafi nauyi ka ga ko za ta ɗauka, kafin ka zaro kuɗi.

Ka kuma san inda wayarka za ta shiga. MS-70CDR ba ta kwaikwayon sautin amfilifaya. In a majami'arku kai tsaye ake jona jita a mikisa, sautin zai fito siriri, a bushe. A nan gara Zoom G1X Four ko Boss GT-1: dukansu suna kwaikwayon amfilifaya, suna da matakin ƙafa na ƙara murya da rage ta, kuma batir AA huɗu suke ci.

Abin da ya fi ba mu kunya a gaban jama'a shi ne jelar sauti. Ka kaɗa, ribab yana tafiya a hankali, ka taka don canza saiti, sai sautin ya yanke ɗif kamar an ɗauke wuta. A MS-70CDR akwai wurin da aka rubuta Tail. In ka kunna shi, jelar za ta ci gaba bayan ka kashe wannan sautin, amma in ka tsallaka zuwa wani saitin gaba ɗaya za ta yanke. Dabarar ita ce ka haɗa duk abin da waƙar ke buƙata a saiti guda, ka riƙa kunnawa da kashewa a cikinsa.

Wajen jeri, dilei ne gaba, ribab a baya, kuma in akwai mai sa sauti ya yi kaushi to shi ne farko. Lokacin dilei lissafi ne: raba 60,000 da saurin waƙar. Waƙa mai bugu 80 a minti za ta ba ka milisakan 750. In kana son maimaicin nan mai tsalle tsakanin bugu, ninka da 0.75, ka samu kusan 562. Bar shi ya maimaita sau uku ko huɗu ya mutu. In kana son sautin ya kumbura ba tare da an ji dukan tsirkiya ba, rage muryar jitar gaba ɗaya, ka kaɗa, sannan ka ɗago ta a hankali da ɗan yatsa. Saitin da ya yi maka daɗi a ɗaki da abin sauraro na kunne zai cakuɗe a majami'a mai rufin kwano da daɓen tayil, saboda ginin ma yana da nasa amsa-kuwwar. Rage ribab ɗin, ka kuma rage ƙasan sautinsa don kada ya danne mai bes da mai kibod.

Yanzu maganar wuta, wadda ta fi kashe fedoji a garin nan. Waɗannan na Zoom da Boss 9V suke so, kuma tsakiyar bakin adaftar ita ce mai alamar ragi. Adaftar kibod ɗin Yamaha da yawa 12V ce, tsakiyarta kuma mai alamar ƙari ce. Bakin na iya shiga daidai, shi ya sa ake ruɗuwa a ara, a ƙone feda. Adaftar Zoom AD-16 tana ba da 500mA, kada ka sayi wadda ta gaza abin da aka rubuta a jikin fedarka. Wutarmu 230V ce, saboda haka adaftar da ta zo daga Amurka ka duba an rubuta 100-240V kafin ka soka ta a bango. In janareto ya sa lasifika tana gurnani, cire adaftar ka koma batir ka ji ko ƙarar za ta ɗauke. Tun farko ka ware kuɗin adafta mai kyau da wayoyi biyu a cikin kasafinka.

In ta hannu za ka saya, je da jitarka da wayarka. Taka maɓallin sau ashirin ka ga ko yana amsawa kowane lokaci. Juya kowane mamurɗi daga farko zuwa ƙarshe kana kallon allo. In lambobin suna tsalle, ƙurar hunturu ta shige shi ko ya cinye. Girgiza wayar a bakin kowace kafa ka saurara ko za ka ji ƙara, ka gwada fitar hagu da ta dama daban-daban. Sannan ka buɗe gidan batir, in ka ga farin gari ko tsatsa a ƙarafunan, ka nemi ragi mai yawa ko ka bar masa kayansa.