Amfiya 30 ko 50: lissafin wuta a wuraren yada zango na Amurka

Duk wanda ya ɗauki hayar mota mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki, wadda Amurkawa ke kira RV, domin ya zaga ƙasa da iyalinsa, da wuya ya kama wuri a sansanin yada zango ba a tambaye shi ko motarsa ta amfiya 30 ce ko ta 50 ba, wato yawan wutar lantarkin da za ta iya ja idan an jona ta. Na lura sabbin shiga wannan harka suna ɗauka cewa bambancin amfiya 20 ne kawai, alhali tazarar ta wuce haka nesa ba kusa ba.

Soket ɗin amfiya 30 filogi mai ƙafa uku yake karɓa, layinsa ɗaya ne mai bolt 120, iyakar abin da yake bayarwa wat 3,600. Na amfiya 50 kuwa ƙafa huɗu ne, kuma layi biyu yake ɗauke da su, kowanne mai bolt 120 da amfiya 50 ɗinsa, wato wat 12,000 gaba ɗaya, fiye da ninki uku ke nan.

Mai amfiya 30 dole ya zama mai lissafi. Na'urar sanyaya iska da ke kan rufin motar tana jan amfiya 12 zuwa 15 idan tana aiki, kuma takan ja fiye da haka a lokacin da take tashi. Hitar ruwa tana cin kusan 12, na'urar ɗumama abinci ma kusan haka, ga kuma cajin batir da ke tafiya a ɓoye ba tare da kowa ya tuna da shi ba. Da zarar uwargida ta sa abincin yara ɗumi alhali sanyi da hita suna kunne, sai makatsin wutar ya faɗi, maigida ya fita da tocila cikin dare yana laluben akwatin da ke jikin turken da ake jona wutar motar. Ƙaramar wayar haɗi da ake sayarwa domin a jona motar amfiya 50 a soket ɗin amfiya 30 tana da amfani, amma ba ta ƙara wuta ko ta wat ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne raunin wuta, domin faɗuwar makatsi kariya ce, shi kuwa rauni ɓarna yake yi a hankali. A tsakiyar zafin Yuli, idan sansani ya cika kowa ya kunna sanyi, wutar tsofaffin wurare takan sauka ƙasa da bolt 108, injin na'urar ya riƙa nishi yana zafi har ya ƙone. Wanda ya taso a Kano ko Kaduna yana ganin ƙwan lantarki ya yi ja ya san dalilin da ya sa ba a jona firiji babu sitabilaiza. Saboda haka nake ganin na'urar tsaro da ke auna wutar turke, ta yanke ta idan ta yi ƙasa ko an haɗa wayoyi ba daidai ba, ta cancanci kuɗinta fiye da duk wani kayan ƙawa da za a saya wa motar.

Ka kashe makatsin turke kafin ka soka filogi, ka duba ko bakin soket ɗin ya yi baƙi ko ya saki, idan ya yi ka nemi a sauya maka wuri. Kada kuma ka ɗauka ko'ina akwai wuta: a cikin gandun Yellowstone, sansanin Fishing Bridge ne kaɗai ke da cikakken haɗin wuta da ruwa da magudana, saboda haka mai son kwana a sauran sai ya tafi da cikakken batir da tukunyar gas.