Inda Turanci ke kayar da wanda ya iya shi

Duk wanda ya daɗe a aikin tafinta ko fassarar takardu ya san ba manyan kalmomi ne ke kayar da mutum ba. In babbar kalma ta gagara, sai a buɗe ƙamus. Ƙananan da kowa ke ganin ya sani su ne ke jawo asara, don ba wanda zai tsaya ya tambaya.

Lambobi ne kan gaba. In aka rubuta 03/04/2025, mutumin Ingila zai karanta 3 ga Afrilu, Ba'amurke kuma 4 ga Maris. Mu tsarin Ingila muka gada, shi ya sa ake rikicewa da ranar ganawar biza ko ranar lalacewar maganin da ya fito daga Amurka. Maganin abin shi ne a rubuta sunan watan da haruffa. Galan ɗin Ingila lita 4.55 ne, na Amurka 3.79, wato a odar galan 1,000 akwai tazarar kusan lita 760 da za a yi rigima a kanta. Bene ma haka: "first floor" a Landan sai an hau matakala, a New York kuwa shi ne na ƙasa. Masu kai marasa lafiya Indiya su kuma sai sun koyi "lakh", wato 100,000, da "crore", miliyan 10. In asibiti ya rubuto 5,00,000, ba kuskuren waƙafi ba ne, dubu ɗari biyar ake nufi.

A ɗakin taro akwai kalmar da ke juya baya gaba ɗaya. In Bature ɗan Ingila ya ce "let's table it", so yake a kawo batun a tattauna yanzu. Ba'amurke in ya faɗi haka, cewa yake a jingine shi. Mai rubuta bayanan taro da bai san daga ina shugaban zaman ya fito ba zai iya rubuta akasin abin da aka yanke.

Mutanen Ingila suna da kara a magana, kuma Bahaushe ya fi kowa saurin gane wannan in an nuna masa sau ɗaya. "Not bad" a bakinsu yabo ne. "Quite good" kuwa sau da yawa ba yabo ba fallasa ne, alhali a Amurka yana nufin abin ya yi kyau sosai. In malami ya rubuta wa ɗalibi "you might want to look at this again", umarni ne ya saka masa a rigar shawara, kuma gyaran dole ne. "You alright?" gaisuwa ce kawai, kamar mu ce "lafiya?" a kan hanya, ba a buƙatar labarin ciwon baya.

Ta fuskar furuci, abin da ya fi taimako shi ne sanin 'yan wuraren da karin harshe ke rabuwa. Harafin r na ƙarshen "car" ana jin sa a yawancin Amurka da Sikotilan da Ailan, amma a kudancin Ingila da Ostareliya haɗiye shi ake yi. Mutumin Manchester yana faɗin "bus" da wasalin u irin na "buhu", na Landan kuma kusan "bas" zai ce. Harafin t na tsakiyar "water" ya fi ban sha'awa, don kunnen Bahaushe ya riga ya san duka sautukan biyu: Ba'amurke yana kaɗa shi da sauri har ya yi kama da r, 'yan Landan da yawa kuma suna tsayar da shi a maƙogwaro kamar hamzar da ke cikin "sa'a". Sunayen garuruwa ba su da doka, haddacewa ake yi. Leicester "Lesta" ce, Worcester "Wusta", Edinburgh "Edinbara". Masu shirin jarrabawar IELTS ta gwada ƙwarewa a Turanci su lura, sashen sauraro yana haɗa muryoyin Ingila da Ostareliya da Arewacin Amurka, don haka wanda BBC kaɗai ya saba ji zai sha mamaki.

Wanda ya fi haɗari shi ne "can" da "can't" a bakin Ba'amurke, saboda t ɗin ƙarshen kusan ba ya fita. Kada a jira t. A saurari nauyin kalmar: in an ja ta an danna, "can't" ce, in ta wuce a gajarce kamar "kin", "can" ce.

Mu ma muna da namu. Hausa ba ta raba p da f ba, don haka "pull" da "full" suke zama ɗaya, v ta koma b har "vote" ta zama "boat", th kuma ta koma s, "think" ta zama "sink". Gyaran p da f ba wuya: a riƙe 'yar takarda gaban baki. A p leɓɓa biyu ne ke haɗuwa su fashe, takardar ta yi tsalle. A f haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, iska ta fita a hankali. A ganina ɓata lokaci ne mutum ya dage sai ya yi magana kamar mai karanta labarai a Landan. Sautukan da ke canza ma'ana su ne abin gyara, saura kuwa karin harshe ne kamar na kowa.

Turancin Najeriya ma kari ne mai zaman kansa. A 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmominmu 29, ciki har da "Kannywood" da "okada" da "next tomorrow", wato jibi. Sai dai shiga ƙamus bai sa baƙo ya fahimta ba. "I'm coming" da muke faɗa muna fita, "ina zuwa" ce muka juya, Bature kuwa zai tsaya yana kallon mai cewa yana tahowa alhali tafiya yake. "Sorry" da muke yi wa wanda ya yi tuntuɓe "sannu" ce, shi kuma zai amsa da cewa ai ba laifinka ba ne. "Well done" ga mai aiki "sannu da aiki" muke nufi, shi yana jin an yaba masa kan abin da bai gama ba.

A waya, musamman wajen ciniki, "thirteen" da "thirty" sun sha raba mutane da kuɗinsu. Bambancin yana ga inda nauyi ya faɗa: a 13 ƙarshen kalmar ake dannawa a ja, a 30 farkonta. In layi ba kyau, kada a dogara da wannan. A faɗi lambar ɗaya bayan ɗaya, "one three" ko "three zero", sannan a nemi a turo adadin a rubuce kafin a aika kuɗi.