Accra: gada a sama, kwata a ƙasa

Shekaranjiya na dawo Kano daga Accra, wadda 'yan zango ke kira Ankara, har yanzu gajiya ba ta sake ni ba. Zancen kan iyaka ba zan ɓata bakina a kai ba: wani jami'i ya jujjuya fasfona kamar mai tayin tumatir, ya wurgo min.

Abin da ya fara ɗauke min hankali babbar hanyar Tema zuwa Accra ce. Kilomita 19, ta kankare, an buɗe ta a 1965 zamanin Kwame Nkrumah. Duk mai aikin titi ya san ta mahaɗa kankare ke lalacewa. Tsakanin falle da falle akwai tsaga da ake cikewa da kwalta mai danƙo. In ta bushe ta zube ba a sake cikewa ba, ruwa ya shige ƙarƙashi, tirela ta taka ya feso da ƙasar da ke tallafe da fallen, sai baki ya karye. Daga nan a zo a shafa kwalta a kai, alhali ita da kankare ba sa miƙewa tare idan rana ta buga. Damina ɗaya biyu facin ya ɓamɓare. Kuɗin cike tsagar nan bai kai na faci ba, balle na sabon titi.

A unguwar Nima ta Accra na sauka wajen wani dattijo da ya hana ni taɓa aljihu. "Ɗana, ci ka ƙoshi, baƙo ba ya biya a gidan nan." Waakye ya sa aka kawo, wato shinkafa da wakenmu ce aka dafa da karan dawa ta yi ja. A bakin titi kam tsadarta ta sa na yi kewar Kano.

Shi ya raka ni gadar Circle da aka buɗe a 2016. Kyau kam ba magana, ta fi tamu ta Ƙofar Nasarawa. Amma na leƙa rafin Odaw da ke gefenta, yashi da leda da robar ruwa sun cinye zurfinsa, Jakara sak. A wajen nan ne ambaliya da gobarar gidan mai suka kashe mutum fiye da 150 ranar 3 ga Yuni, 2015. Ni a ganina yashe ya riga gada. Kamata ya yi a gama shi kafin Afrilu da damina ke kankama, daga tafkin Korle inda Odaw ke zuba a hauro har kwatar Nima, kuma a kwashe taɓon da tifa a ranar. In aka jibge shi a baki, ruwan farko zai mayar da shi ciki.

Zuwa Kumasi mun bi ta gadar Pokuase mai hawa huɗu ta 2021, gaba kaɗan sai ƙura da ramuka. A kasuwar Kejetia ta Kumasi na sayi takalmi rabin kuɗin da aka fara yanka min, na kwana ɗaya na juyo.