Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Makon da Aka Kawo Mana Intanet Ofis

A kashin da ya gabata na tsaya a inda aka kwashe kekunan rubutunmu aka jibge a sito. Yau zan ɗora daga damunar 2010, wata biyu bayan rasuwar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, lokacin Katsina ba ta gama fita daga jimami ba.

Ranar wata Litinin sakula ta iso daga hedikwatarmu ta Abuja. Daga ƙarshen wannan watan, ba za a sake karɓar rahoton wata-wata a ambulan ba. Kowane reshe ya sauke sabon fom daga shafin hedikwata, ya cike, ya mayar ta imel. Darakta ya kira ni, ya miƙo mini takardar, ya ɗora wani ɗan abu ruwan ɗorawa a kanta, tsawonsa bai wuce yatsa ba.

"Hajiya, ga modam an sayo. Aikinki ne."

"To, ranka ya daɗe," na ce, na fito gabana yana faɗuwa.

Tun 1991 nake taifis. Na yi zamanin kabon da sitensil, kuma da kwamfuta ta zo na koyi Microsoft Word har ina koya wa wasu. Amma intanet ban taɓa shiga ba. Yarana ne ke zuwa kafe a Ƙofar Ƙaura su biya kuɗin awa, ni dai abin da na sani shi ne akwai wani harafin "e" mai launin shuɗi a fuskar kwamfutata da nake kauce wa taɓawa. Shekarata 41, ga marayu huɗu a gabana, ga raɗe-raɗin za a rage taifis-taifis. A daren nan ban runtsa sosai ba.

Allah ya sa a shekarar an turo mana wata 'yar bautar ƙasa daga Kontagora. Yarinya ce mai natsuwa, ba ta da rawar kai. Da safe na kira ta gefe na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi dariya ba, ta jawo kujera kawai ta zauna kusa da ni.

Ta soka modam ɗin a jikin kwamfuta, wata 'yar fitila ta riƙa ƙyaftawa, can ta tsaya cak. Ta ce, "Anti, kin ga ta daina ƙyafce? Yanzu an haɗu. Kullum nan za ki fara dubawa. In ba a haɗu ba, ko kin kwana kina danne-danne ba abin da zai buɗe." Sannan ta sa na ɗora linzami a kan harafin nan na danna sau biyu. Sunansa Internet Explorer.

Na ce, "To, wannan shi ne intanet ɗin?"

Ta girgiza kai. "A'a, Anti. Wannan burauza ce. Ɗauke ta kamar motar haya a tasha. Mota ba ita ce Kano ba, kai ki take yi. Akwai wasu motocin ma, Firefox, Chrome, duk hanya ɗaya suke bi."

Ta nuna mini dogon farin layin da ke can sama, ta ce nan ake faɗa wa direba inda za a je. Na ɗauki sakula, na kwafe adireshin hedikwata da saurin da na saba, ban ko kalli madannai ba, na buga Enter. Sai ga wani dogon jeri na rubutu shuɗi-shuɗi, babu fom, babu tambarin ofishinmu. Na sake. Haka dai. Na sake na uku, hannuna ya fara rawa.

Ta matso da fuskarta dab da allon, ta sa farcenta a ƙarƙashin abin da na rubuta. "Anti, kalli nan. Bayan kowane ɗigo kin bar fili."

Haka aka koya mana a makarantar koyon taifin: in ka sa aya, ka buga sarari kafin harafi na gaba. Shekara 19 babban yatsana yana yin haka ba tare da ya tambaye ni ba. Ashe adireshin intanet ba jimla ba ne. A haɗe yake tun daga www har zuwa gov.ng, kuma harafi ɗaya in ya kauce, wani wurin za a kai ka ko a ce babu. Da burauza ta ga sarari, sai ta ɗauka tambaya nake yi, ta tura ni wurin bincike.

A nan ne ta yi mini bayanin da har yau da shi nake koya wa sababbin ma'aikata. Ta ce in kin san adireshi, ki faɗa wa direba kai tsaye. In ba ki sani ba, sai ki nemi ɗan kamasho, shi ne Google. Ki faɗa masa abin da kike nema, ya nuna miki motoci goma, amma ke za ki duba wadda za ki hau, don ba duk wadda ya nuna ce ke zuwa inda kike so ba. Na ga ma'aikata da yawa, har masu digiri, da ba su bambance waɗannan biyun ba, shi ya sa suke faɗawa shafukan bogi masu kama da na gwamnati. Ni dai tun ranar ba na shigar da komai a shafi sai na ɗaga kai na karanta adireshin da ke sama har ƙarshe.

Na goge, na sake rubutawa a hankali, ina riƙe babban yatsana. Shafin ya fara buɗewa daga sama, kaɗan-kaɗan, tambari ya fito rabi ya tsaya. Sai aka ɗauke wuta.

Masinja ya tafi tayar da janareta, muka zauna a duhu-duhu, ruwa yana dukan kwano. Ta ce in kawo littafina ta zana mini. Ta zana kibiya mai kallon hagu, ta komawa baya. Ta zana alamar sabuntawa, ta ce maɓallin F5 da ke kan madannai ma yana yi, in shafi ya maƙale. Littafin nan yana nan a akwatina.

Sauran abubuwan ba su ba ni wuya ba. Sauke fayil na gane nan take, domin wanda ya yi shekaru yana jera fayil a kabad ya san dole ka san aljihun da ka saka abu: na buɗe masa jaka ta musamman na sa mata suna. Ta nuna mini yadda ake buɗe shafi biyu a taga ɗaya, da yadda ake adana adireshi a wurin tauraro don kada in riƙa sake bugawa kullum. Ta buɗe mana imel a Yahoo. Da ta ga na rubuta kalmar sirri a 'yar takarda zan tura ƙarƙashin madannai, sai ta riƙe hannuna. "Don Allah Anti, kada ki yi. Kin taɓa barin makullin kabad a jikin kabad? Kuma in kin gama, ki fita daga imel ɗin tukuna. Rufe taga kawai ba kullewa ba ne." Na haddace, na yaga takardar.

Ranar Alhamis ta tafi aikin raya ƙasa da suke yi mako-mako, na zauna ni kaɗai. Na cike fom, na maƙala shi, na tura. Bayan azahar amsa ta dawo daga Abuja cewa ya iso. Rahoton da a da direba ke kwana a hanya saboda shi.

Ban tashi ba. Na buɗe Google, na rubuta BBC Hausa, na danna na farko. Sai ga Hausa a allon, baƙi da fari, labarin duniya da harshen da na sha a nono. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai yi boko ba, amma kowace safiya yana kan buzunsa a zaure da rediyo a kunne yana jiran London. Na tuna yadda yake murɗa ta a hankali yana neman tasha, yana ce mana mu yi shiru. Na karanta labari uku, hawaye suna sauka a kan mayafina, har masinja ya leƙo ya ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce lafiya lau, ya je ya kashe janareta.

Kwana tara bayan haka wata wasiƙa ta shigo imel ɗin ofis, da tambarin banki a samanta, tana cewa za a rufe asusun albashi in ba a cike wani fom kafin ƙarfe huɗu ba. Ranar yarinyar ba ta zo ba, Darakta kuma yana Kaduna. Daga nan zan ɗora mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.