Godiya bayan gudun miƙa sanda

Alhamdu lillahi, an sallamo ni daga asibiti bayan faɗuwar da na yi a filin gasa, ina gida. Likita ya ce babu abin da ya karye, ruwan jiki ne ya yi ƙasa, sai ƙujewa a gwiwa da kafaɗa. An yi mini ƙarin ruwa, na samu barci. Har yanzu sai na dafa bango nake miƙewa, amma hankalina ya kwanta. Saƙonninku sun cika waya, ban iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na ce bari in yi godiya a nan gaba ɗaya. Yaba kyauta tukwici.

Kun san yadda na shiga tawagar gudun miƙa sanda ta unguwarmu a nan Kaduna bayan ɗan'uwanmu ya gurɗe a ƙafa, kun kuma san inda muka ƙare, na huɗu. Ba zan maimaita ba. Abin da yawancinku ba ku gani daga kan benci ba shi nake so in faɗa, domin akwai mutumin da nake bin sawunsa da godiya kuma ban san ko sunansa ba.

Ni aka ba gudu na uku a mita 400 sau huɗu. Wanda bai taɓa tsayawa a wurin ba, ba zai san yadda yake ba. Na farko yana da layinsa shi kaɗai. Na biyu ma yana cin kwanar farko a layinsa kafin a haɗe a ciki. Amma mu na uku babu mai layi. Alƙali ne ke jera mu kafaɗa da kafaɗa, gwargwadon yadda abokan gudunmu suka wuce alamar mita 200 a can ɗaya ɓangaren filin, kuma da zarar ya ajiye ka ba ka da ikon sauya wuri. Mita 20 kacal aka ware don karɓar sanda. Ga mutane suna tahowa a gajiye, ido ya rufe, kowa na neman hannun nasa. A nan tsoro ya fara kama ni. Sandar nan ba wani nauyi gare ta ba, bututu ne da bai wuce santimita 30 ba, amma da ta shiga tafin hannuna, jiƙe da gumin ɗan'uwana, sai na ji haƙƙin mutum uku a wuyana.

Rabin farko na ji daɗinsa. Daga kwanar ƙarshe ne abin ya juya, kamar an ɗaura mini turmi a kowace ƙafa. Ihun jama'a ya koma can nesa. Ban ga komai ba sai rigar mai gudunmu na ƙarshe da hannunsa a miƙe. Na san na saka masa sandar, don na ji ya fizge ta. Daga nan sai na ji ni a ƙasa, a layin ciki, daidai inda sauran masu gudu za su bi. Ina jin ƙarar takalmansu masu ƙusoshi tana matsowa, ina so in ja jikina, jikin ya ƙi. Wallahi a wannan lokacin yarana kawai na tuna, na fara salati.

Sai na ji an cafki hammatata ta baya an ja ni zuwa kan ciyawa. Wani yaro ne daga tawagar da ta zo daga ƙetaren gada, ta wajen Barnawa, mai riga ruwan ɗorawa. Shi ma yanzu ya miƙa tasa sandar, numfashinsa ko daidaita bai yi ba. Ya durƙusa ya ɗora kaina a cinyarsa, ya ɗaga hannu yana kiran 'yan agaji, ya cire ledar ruwan da wani ya miƙo masa don ya sha, ya fasa ta da haƙori ya zuba mini a wuya da goshi. Yana ta cewa, "Yaya, buɗe ido, ka gama, ka ba shi, ka gama." Akwai ƙaramin gicciye a wuyansa da ke taɓa fuskata duk lokacin da ya sunkuyo. Tawagarsa na can tana fafutukar zuwa ta ɗaya, kowa ya ruga bakin layi yana ihu, shi ko juyawa bai yi ba har aka kawo gadon ɗaukar marasa lafiya. Mu da muka girma a garin nan mun san abin da kogin Kaduna ya raba bayan rikicin shekarar 2000, mun san iyalan da suka kwashe kaya daga wannan ɓangare zuwa wancan. Shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. Allah ya saka masa da alheri, ya raya shi, ya yi wa iyayen da suka tarbiyyantar da shi albarka, ya tsare ƙafafunsa da ya yi gudu da su ya zo kaina.

Na san a al'adarmu ba a tallar mai alheri, kuma wasu za su ji nauyi, amma ku yi haƙuri, yau sai na ambata. Baba Koci, kai ne kake tsayawa da mu a Dandalin Murtala tun bayan sallar asuba, da hazo da sanyi, ba ka taɓa karɓar ko sisi ba. Ranar da na ce maka gudu na uku ya fi ƙarfina, ba ka yi mini faɗa ba. Ka zaunar da ni ka ba ni labarin Sunday Bada, haifaffen Kaduna, wanda shi ya riƙe gudu na uku wa Najeriya a gasar Olamfik ta Sidni a 2000, tsakanin Jude Monye da Enefiok Udo-Obong, bayan Clement Chukwu ya buɗe. Azurfa aka ba su a lokacin, sai a 2012 aka mayar musu da zinariya bayan ɗaya daga cikin 'yan Amurka ya amsa cewa ya yi amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari. Bada ya rasu a Disambar 2011, bai ga ranar ba. Na ga idonka ya kawo ruwa da ka zo nan a labarin. Da na shiga filin wasa na Ahmadu Bello ranar, maganarka ce ta riƙe ni. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa 'ya'yanka su yi maka fiye da abin da kake yi wa 'ya'yan mutane.

'Yan'uwana uku na tawaga, babu wanda ya tsaya ɗaukar hoto a cikinku, da kayan gudu kuka biyo ni asibiti. Mai Keke na bakin layinmu, wanda ya kai uwargida ya dawo da ita ya ƙi karɓar kuɗi, ya kuma koma ya ɗauko kwanon abinci da aka manta. Malamar jinya da ta samo jijiyata cikin lallami tana ce mini "sannu, Malam". Maƙwabcina mai shago da ya biya kuɗin magani kafin ma in farfaɗo sosai, ya kuma hana a gaya mini, to an gaya mini. Ƙanwata Auta da ta taso tun daga Rigasa da goyo a bayanta. Allah ya biya ku, ya rufa muku asiri duniya da lahira, ya sa kada ku ga ranar da za ku nemi taimako ku rasa.

Inna, ke ba kya karanta waɗannan abubuwa, amma na san za a karanta miki. An ce tun da aka fita da ni ba ki tashi daga kan sallaya ba. Ki yafe mini tashin hankalin da kika shiga. Allah ya bar mana ke, ya ji ƙan Baba, ya haskaka kabarinsa. Uwargida kuma, ke kika san kunun da kika dama da duhun asuba da ruwan zafin da kika dafa na gasa ƙafa. Tsakanina da ke sai addu'a.

Akwai na gida da na sa ran zan ɗaga kai in gani a filin, ko a bakin gadon asibiti, tunda daga Kawo zuwa nan ba tafiyar kwana ba ce. Tun farko sun ce gudu da gajeren wando ba aikin magidanci ba ne. Na ji, ban riƙe kowa ba, wataƙila uzuri ne ya tare su. Sai dai zumunci a ƙafa yake, kuma Inna ta tambaye ni su, ban san abin da zan ce mata ba. Allah ya haɗa kanmu.

Masu ɗinki a wurina, ku ƙara mini haƙuri zuwa mako mai zuwa, yaran shago suna nan suna karɓar saƙo. Roƙona na ƙarshe ga duk wanda ya san 'yan tawagar nan masu riga ruwan ɗorawa: ku taimaka ku haɗa ni da yaron da ya yi musu gudu na uku. Dogo ne, siriri, yana da tabo a haɓa. Ina so in je har gidansu da ƙafata in gaida mahaifansa.