Riƙon gidan ɗan bida

A Tawa da ƙauyukan Adar, da an gama girbi an zuba damman hatsi a rumbu, sai tashar mota ta cika da samari da magidanta. Wasu Abijan suka nufa, wasu Kano ko Legas, wasu kuma su bi ta Agadas zuwa Libiya da Aljeriya. Bida, wato tafiya neman kuɗi a wata ƙasa, gadonmu ce. Ana yawan labarin wanda ya tafi, da wahalar hanya da gidan siminti da ya gina, amma wanda aka bar wa gida ba a cika tambayarsa yadda ya kwana ba. Ni tela ne, kuma shekaru ke nan ina riƙe da gidan wana da ke kasuwanci a Abijan: mahaifiyarmu, matarsa, da ƴaƴansu.

Daren da zai tafi abin da ya faɗa bai wuce haka ba: "Ga Inna nan, ga iyali nan, amana." Babu takarda, babu shaida.

Kuɗi ne abu mafi sauƙi a cikin aikin, duk da su ne suka fi raba ƴan'uwa. Yakan aiko ta kamfanin aiken kuɗi na Nita ko Al Izza, in je da katin ɗan ƙasa in karɓa. Tun aiken farko na sayi ɗan littafi irin na ƴan makaranta, duk jikar da ta shigo ko ta fita in rubuta, ƙarshen wata in ɗauki hoton shafin in tura masa ta WhatsApp. Ya yi mini faɗa a kai: "Haba, na ce maka ban yarda da kai ba ne?" Na ce, "Yaya, ba don kai nake yi ba, don bakin mutane ne da kuma mantuwa." Aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta umurce mu da mayar da amana ga masu ita, to yaya za ka mayar da abin da kai kanka ba ka san adadinsa ba?

Inda aikin ya fi nauyi shi ne mutunci. A unguwarmu akwai wata baiwar Allah da mijinta ke Libiya, kuɗinsa na zuwa hannun ƙanensa. Kullum safiya sai ta aiko yaro fada ya tsaya a gefen tabarma, ana shan shayi, ya ce Mama ta ce a ba da kuɗin cefane. Mutumin ya dube shi a gaban jama'a ya ce, "Na jiya har sun ƙare?" Guminsu ne fa, na ubansa, amma an mayar da yaron maroƙi. A ganina wannan ya fi cin kuɗin muni, don mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Shi ya sa ni kuɗin cefanen wata ɗungurungum nake kai wa matar Yaya har gida, in yi sallama, in miƙa mata a gaban Inna. Ita ta san farashin daddawa da itace da sabulu, ba ni ba, kuma ban taɓa tambayarta yadda ta kashe ba. Nawa shi ne manyan abubuwa: buhun hatsi, gona, makaranta, likita.

Akwai wasa tsakanin ƙanin miji da matar wa, kowa ya sani, amma in maigidan ba ya gari sai wasan ya ja baya. Ba na shiga gidan ba sallama, ba na zaman hira a ciki bayan isha'i sai a ɗakin Inna. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, da aka tambayi Annabi (SAW) game da ɗan'uwan miji ya shiga wa matar ɗan'uwansa, cewa ya yi shi ne mutuwa. Garinmu kuma ba ya rasa masu ƙidaya takun mutum. Sunanta na cikin abin da aka ba ni tsaro.

Hatsi kuwa da kaka nake sayensa, cikin Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da tiya ta yi sauƙi a kasuwar Lahadi. Duk wanda ya yi wayo kafin 2005 ya san dalili. Fara ta sauka a 2004, ruwa ya ɗauke da wuri, shekarar da ta biyo aka ga abin da aka gani a jihohin Tawa da Maraɗi da Damagaram, mai kuɗi a hannu ma sai da ya ji jiki. Sannan a 2011 yaƙin Libiya da rikicin zaɓen Abijan suka zo kusan lokaci guda, ƴan bida suka yi ta dawowa daga su sai rigar jikinsu, aike ya tsaya cak a gidaje da yawa. Don haka in Yaya ya aiko da ɗan ƙari ya ce a yi wa yara ɗinki, nakan ce masa ɗinki a hannuna yake, mu fara cika rumbu.

Wani dare cikin watan Agusta aka buga mini ƙofa. Ƙaramar ƴar Yaya, mai shekara uku, jiki zafi rau, ido ya kakkafe, haƙora sun datse. Tsofaffin maƙwabta har sun kawo garwashi da turare, wata na cewa iska ce, kada a yi mata allura. Ban yi musu da kowa ba, na ce, "Iyaye, ku ci gaba da addu'a, mu bari mu je likita." Na goya uwar da ƴar a bayan babur, muna ratsa taɓo da fitila ɗaya. Aka soki yatsarta, aka ɗiga jinin a ɗan farin katin gwaji, layi biyu suka fito: masassarar cizon sauro ce. Tun 2006 doka ta ce duba yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a Nijar, sai dai kada ka fita da aljihu wayam, don wani lokaci maganin sai ka saya a waje. Sai da yarinyar ta farfaɗo ta nemi ruwa na kira ubanta. Ba na ɓoye masa ciwo, amma mutumin da ke wata uwa duniya, in ka kira shi tsakar dare ba ka da amsar tambayarsa, tashin hankali kawai ka aika masa.

Tun daga nan na sa ido a kan maganin rigakafin da ma'aikatan lafiya ke rabawa gida-gida da damina, wata-wata, ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Na ranar farko a gabansu ake sha, na kwana biyun da suka rage a gida ake bayarwa, kuma nan ne mutane ke sakaci. Wasu iyayen sai su ajiye shi wai sai yaro ya kwanta ciwo, alhali don kada ya kwanta aka kawo shi.

Inna ita ba kuɗi take buƙata ba. Goronta da hurarta ba su kai komai ba, zama take so. Takan tambaye ni sau uku a zama ɗaya ko Yaya ya kira, in amsa sau uku, don aya ta 23 a Suratul Isra'i ta hana mu ce musu ko "tir". Ko akuya za a sayar sai na durƙusa na ce, "Inna, me kuka gani?" Sau da yawa na riga na san abin da ya dace, amma gidan nata ne kafin ya zama namu, kuma jikokinta na kallon yadda nake yi mata magana.

Ba ni kaɗai ke riƙe da gidan ba, in za a faɗi gaskiya. Mai shagon bakin layi na ba da bashi in aike ya yi jinkiri, bai taɓa aiko yaro tuni a bainar jama'a ba. Malamin allo ne ya tare ni a masallaci ya gaya mini babban yaron ya fara fashin karatu. Hadisin nan da ya ce dukkanku makiyaya ne, kuma kowa za a tambaye shi game da abin kiwonsa, a unguwar da rabin mazanta ke bida ake ganin aikinsa. In masu riƙon gida suka lalace, bidar kanta ba ta da amfani: mutum ya shekara yana tura baro a ƙasar wasu, ya dawo ya tarar babu hatsi, yara sun bar makaranta, matarsa ta yi yaji.

Abin da ban zata zai yi mini wuya ba shi ne sakin ragamar. In Yaya ya zo Babbar Salla, ranar da ya sauka nake miƙa masa littafi da mabuɗin ɗakin hatsi. Yaran sun saba da ni, ko kuɗin alli suke so wurina suke zuwa, ubansu na zaune yana kallo. Sai in ce, "Ga babanku nan, shi za ku tambaya." In matar Yaya ta aiko a kira ni kan wata shawara, in ce a gaya wa maigidan, ni ina shago ina fama da ɗinkin salla.